Launin fure kaɗai ba ya isa a gane tsiro

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili domin matasan da ke fita ɗaukar hoton furannin daji a bakin Kogin Kaduna da gefen gonaki, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. Abin a yaba ne, sai dai yawancinsu launi kawai suke dubawa, a nan kuwa ake tafka kuskure.

Ga tafasa da rai-ɗore. Dukansu furensu ruwan ɗorawa ne, sau da yawa ma a juji ɗaya suke fitowa. Ganye za a ƙirga. Na tafasa biyu-biyu ne sau uku, bakinsa a zagaye, kwanson 'ya'yanta siriri, dogo, a lanƙwashe kamar lauje. Na rai-ɗore yakan kai sau huɗu ko biyar, bakinsa da tsini, kwansonsa a baje. Ganyen tafasa ake kwaɗo da shi, 'ya'yan rai-ɗore kuwa ɗanyu suna cutar da dabbobi da yara. Ka ga ba ƙaramin bambanci ba ne.

Hoto ɗaya ba ya wadatarwa. A ɗauki fuskar furen, da gefensa, da ganye ciki da bai, sannan tsiron gaba ɗaya, a ajiye biro kusa da shi don a gane girmansa. A fita da sassafe, domin duman rafi kan rufe furensa in rana ta take. Manhajojin waya suna taimakawa, amma sukan yi wa tsironmu laƙabi da sunan ɗan'uwansa na wata ƙasa. Makiyayi ko tsohuwa mai sayar da ganye a kasuwa sun fi su ido.

Mai son adanawa ya shimfiɗa reshen tsakanin tsofaffin jaridu, ya danne da littattafai masu nauyi. Kwana uku na farko a sauya takardar kullum, in ba haka ba laimar damina ta sa ya yi fumfuna ya baƙanta. Cikin mako biyu yakan bushe. A rubuta wuri da kwanan wata da launi tun ranar, don launin gushewa yake. Wanda ya gagari kowa, a kai shi ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

A kiyayi ruwan tumfafiya a ido, zaƙami kuwa ko ɗanɗana shi kada a yi. Ƙuduji, duk kyan furensa, jinin dawa da masara yake sha ta saiwa, don haka kada a kai shi kusa da gonar kowa.

Naka,
Mai sha'awar tsirrai,
Unguwar Rimi, Kaduna