Wasiƙa Zuwa Fatakwal: Maganar Bangon Falonka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Kano sai godiya, hunturu ya fara kaɗawa, leɓe duk ya tsattsage. Ku kuwa na san ruwa bai gama sallamarku ba.

Na ga hotunan da ka turo na fentin bangon falonka da ke saɓulewa. Don Allah ka fasa sayen bokitin da ka ce za ka ƙara shafawa. Ko shafi goma ka yi, saɓulewa zai yi, domin ciwon a ƙarƙashi yake. Dubi wurin da ya ɗago kusa da makunnin fitila: abin da ya leƙo yana sheƙi, sumul. Tsohon fentin mai ne. Mai fentinka ya ɗora na ruwa, wato imolshan, a kansa kai tsaye, bai goge ba, bai sa na shimfiɗa ba. Shi fentin ruwa kaushi yake nema ya kama. A kan santsin mai zama kawai yake yi, shi ya sa in ka sa farce yake biyo ka kamar leda.

Kada ka tsaya a kan maganata, gwada da kanka. Jiƙa auduga da sifirit na kemis, ka goga a tsohon fentin. In launi ya fito a audugar, na ruwa ne. In ta fito fes, na mai ne. Sannan, tunda garinku garin laima ne, manna guntun leda a ƙasan bangon, ka rufe gefunanta da salatif, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka tarar da danshi a bayanta, ko kana ganin farin gishiri yana fesowa daga filasta, to ruwa ne ke shigowa, sai an toshe yoyon kafin a yi maganar fenti.

In mai ne kaɗai, aikin na haƙuri ne. A kankare duk abin da ya saki, kada a ji tausayinsa. A bi tsohon fentin da samfefa har sheƙin ya mutu. A nan ka kula sosai: tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a ciki, kuma ka tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010. A jiƙa samfefar don kada ƙura ta tashi, mai aikin ya sa takunkumi, yara su bar gidan ranar. Daga nan a wanke bangon da ruwan omo, a ɗauraye, ya bushe. Bakin wuraren da aka kankare a cike da foti, wato abin cike ramukan bango, a daidaita, in ba haka ba zanensu zai fito ta cikin sabon fentin da zarar an kunna fitila.

Sai firaima, wato fentin shimfiɗa, irin wanda aka rubuta cewa yana kama kan fentin mai. Shi ne abin da mutuminka ya tsallake don riba. Bayansa shafi biyu marasa kauri, a bar aƙalla awa 4 tsakani; a danshinku ni da kwana zan bari, taga a buɗe, fanka na juyawa. Ka tsaya a wurin lokacin da ake sirka ruwa. Masu fenti suna son bokitin lita 20 ya yi aikin biyu, sai su tsinka shi. Abin da aka rubuta a jikin bokitin shi ne iyaka.

Na san halinka, za ka ce a gyara inda ya lalace kawai. A'a. Faci yana nunawa ko da launi ɗaya ne daga kamfani ɗaya. A shafe bangon daga kusurwa zuwa kusurwa. Kuma ka roƙi uwargida kada ta sa masa tsumma mai ruwa sai ya yi kamar wata guda, don bushewar taɓawa daban, ƙarfi daban.

Shi kuwa mai fentin, ba sai kun yi faɗa ba. Ka sayi firaima, shi ya dawo ya yi aikin ba kuɗin hannu, kada ka cika masa ragowar kuɗinsa sai an gama.

Ka gaishe min da mutanen gida. Hajiya tana tambaya ko za ku zo Sallah.

Naka,
Amininka na Kano