Kafin a ɗaura wa motar yau da kullum tayar taɓo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana masu motocin da ke ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser da Wrangler, musamman waɗanda motar da suke shiga daji da ita, ita ce dai suke zuwa wurin aiki da ita, su kai yara makaranta, su ɗauko iyali. Maganar tawa a kan taya ce, wadda ake kira tayar taɓo, mai manyan haƙora, wadda ake rubuta M/T a gefenta. Na yi shekaru ina hawa irin wannan taya, ta fitar da ni daga wuraren da ban zaci zan fita ba, kuma akwai ranar da ta kusa jawo mini abin da zan yi ta nadama har ƙarshen rayuwata. Saboda haka abin da zan faɗa na gan shi da idona.

Duk wanda mota ta taɓa kafe masa a taɓo ya san yadda abin yake faruwa. Laka ce take cike zanen taya har ya shafe, tayar ta koma kamar dunƙulen yumɓu, ana taka totur tana juyawa a wuri ɗaya tana ƙara nutsewa. Maƙeran tayar taɓo sun magance wannan ne ta hanyar buɗa tazara mai faɗi tsakanin haƙoran, yadda idan tayar ta juya sai ta watsar da lakar da ta ɗebo, haƙoran su dawo fili su sake cizon ƙasa. Sun kuma zurfafa zanen, wanda a sabuwar taya yakan kai milimita 14 ko fiye, sannan suka zagayo da haƙoran har kafaɗar tayar domin ta kama bangon ramin da ƙafafun motocin da suka riga wucewa suka haƙa. Gefenta ma ya fi na tayar gama-gari kauri, sau da yawa shimfiɗa uku ake yi masa, don kada kaifin dutse ko kututture ya farke shi. A wannan fage babu tayar da ta kai ta, kuma ba zan rage mata komai ba.

Sai dai wannan tazarar da take ceton mutum a taɓo, ita ce take cin amanarsa a kwalta. Duk inda aka bar fili tsakanin haƙora, an rage robar da ke taɓa hanya, kuma da robar da ke taɓa hanya ne birki yake aiki. Bugu da ƙari, tayar kwalta cike take da ƙananan tsage-tsage sirara kamar yankan reza, waɗanda suke buɗewa su share ɗan ruwan da ke kwance tsakanin roba da hanya, ita kuwa tayar taɓo ba ta da su da yawa, domin suna raunana haƙori a kan dutse. Wata rana da yamma, bayan yayyafi ya jiƙa hanya, ina tafe da 'ya'yana biyu a kujerar baya, gudun da nake yi bai wuce misali ba, sai motar da ke gabana ta tsaya ba zato. Na danne birki, na ji fedar tana bugun tafin ƙafata, motar kuwa ta ci gaba da sulalewa kamar an ɗora ta a kan sabulu. Da ta tsaya, tsakanina da bayan waccan motar bai kai kamu biyu ba. Na juya na ga ƙaramar yarinyar ta riƙe bel ɗinta da hannu biyu, ba ta ce uffan ba. Tayoyin nan ba su sude ba, watanninsu kaɗan ne a motar, kuma wanda ya sayar mini da su bai taɓa ambata mini halinsu a jiƙaƙƙiyar kwalta ba.

Wannan ba sirri ba ne a wurin masu ƙera taya da hukumomin da ke sa musu ido. Tun shekarar 2012 Tarayyar Turai ta wajabta a liƙa wa taya takardar da ke nuna yawan man da take sa mota ta sha, da kamunta a jiƙaƙƙiyar hanya, da ƙarar da take yi. Amma an keɓe tayoyin da ke ɗauke da alamar POR daga wannan doka, wato waɗanda aka yi domin aikin daji zalla, masu zurfin zane aƙalla milimita 11, waɗanda ramukansu suka kai kashi 35 cikin ɗari na fuskar tayar, kuma iyakar gudunsu bai wuce kilomita 160 a awa ba. Tayoyin taɓo da yawa suna cikin wannan rukuni. Ma'anar haka ita ce mai saye ba zai tarar da wani ma'auni a jikinta da zai nuna masa yadda za ta tsaya ranar ruwa ba, alhali kuwa ita ce tambayar da ta fi muhimmanci ga wanda yake ɗaukar iyalinsa a motar.

Sauran illolin an san su: ƙugin da ke cika mota a doguwar tafiya yana kuma ƙaruwa yayin da tayar ke tsufa, ƙarin shan mai saboda nauyi, da saurin cinyewa a kwalta mai zafi. Ba banza ba ne kamfanoni sukan ba da garantin kilomita a kan tayoyinsu na A/T, wato waɗanda aka yi domin kowace irin hanya, amma da wuya ka ga sun ba da shi a kan M/T.

Shawarata ta farko ita ce mutum ya yi wa kansa adalci wajen lissafi. Ya ɗauki wata guda yana rubuta kilomitar da ya yi, ya ware ta kwalta daban, ta burji da tsakuwa daban, ta taɓo na gaske daban. Da na yi wannan lissafi, na tarar taɓon da nake tsoro bai wuce 'yan makonni a shekara ba, kuma yawancinsa tayar A/T mai kyau, wadda aka yi domin kowace irin hanya, za ta wuce shi idan aka sauke mata iska kaɗan aka bi a hankali. Masu shiga rairayi ma su lura, domin haƙoran tayar taɓo haƙa suke yi, rairayi kuwa so yake a bi ta samansa, don haka takan binne mota a inda tayar A/T za ta wuce salin-alin. Akwai kuma ta tsakiya da ake rubuta wa R/T, mai kafaɗar tayar taɓo da tsakiya mai kama da ta A/T, wadda a ganina ta fi dacewa da mafi yawan masu wannan buƙata.

Amma akwai wanda aikinsa ba ya jiran hanya ta bushe, kamar manomi, da ma'aikacin lafiya mai zagayen ƙauyuka, da mai binciken ƙasa. Irin wannan mutum tayar taɓo haƙƙinsa ce, abin da ya rage masa shi ne ya tsuguna ya karanta rubutun da ke gefenta kafin ya biya. Idan ya ga LT265/75R16, faɗinta milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 75 cikin ɗari na faɗin, kuma ta wili mai inci 16 ce. Wasu sukan tsallaka zuwa 285/75R16 don motar ta ƙara tashi daga ƙasa, ba su san tsayin tayar ya ƙaru daga kusan milimita 804 zuwa 834 ba. Sakamakon haka, idan agogon gudu ya nuna 100, motar tana dab da 104 ne, jan injin yana raguwa, birki yana ƙara wahala, kuma tayar tana iya gogar madigadi idan aka murɗe sitiyari har ƙarshe. Ya duba harafin ɗaukar kaya, C ko D ko E. Mai harafin E an yi ta ne domin manyan motocin ɗaukar kaya, tana jure iska har PSI 80 a ma'aunin iskar taya, kuma idan aka sa ta a ƙaramar mota da ba ta ɗaukar nauyi, sai ta yi tauri, kowane rami ya sauka a ƙugun direba. Ya duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin kalmar DOT, domin su ne ranar haihuwar tayar: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Roba tana tsufa ko da a ajiye take, ba a taɓa hawanta ba. Idan kuma ya sami samfura biyu da suka yi daidai, ya zaɓi wadda haƙoranta suke da ƙananan tsage-tsagen nan, domin su ne za su taimake shi ranar ruwa.

Tayoyin su zama biyar iri ɗaya, girma ɗaya, har da safaya, domin a motar da ke ja da ƙafa huɗu koyaushe, bambancin tsayi tsakanin taya da taya yana wahalar da giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. A riƙa sauya musu wuri duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, in ba haka ba haƙoran gaba za su cinye a karkace, ƙugin ya ninka, sitiyari ya fara rawa. Wanda ya sauke iska don ya ratsa taɓo, wajibi ne ya mayar da ita kafin ya hau kwalta, saboda taya mai ƙarancin iska zafi take tarawa a gudu har ta fashe, shi ya sa ba na fita ba tare da gejin auna iska da ƙaramin famfo a mota ba. Bayan an dawo kuma a wanke cikin wili sosai, domin lakar da ta bushe a gefe ɗaya tana ɓata daidaiton ƙafa, har mutum ya garzaya wurin bakanike yana zaton wani abu ya lalace. Ranar da aka yi ruwa kuwa, mai tayar taɓo ya rage gudu tun daga ɗigon farko, ya kuma ninka tazarar da ya saba bari tsakaninsa da motar da ke gabansa.

Na gode da filin da ka ba ni.

Wassalam,
Wani mai karatunku