A Sa Aikin Yanar Ido Cikin Shirin Yaƙi da Talauci

Ya Mai Girma Edita,

Na karanta rahotonku kan yawaitar masu larurar ido a karkarar Jihar Kebbi. Ina ganin maganar ta wuce ta lafiya kaɗai, ta shafi abin sakawa a bakin salati.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 84 cikin ɗari na makanta a Najeriya ana iya kauce mata, yanar ido ce kuma kan gaba.

Na gani da idona. Kawuna manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Da yanar ido ta rufe masa gani, gona ta koma hannun 'yan aro, aka cire jikansa daga aji huɗu ya zama ɗan jagora. Shekara uku ana haka! Aikin da bai kai awa guda ba ya mayar da Kawu fadama, yaron kuma ya koma makaranta.

Don haka ina roƙon gwamnati ta riƙa tura ma'aikatan ido kasuwannin ƙauye ranar cinsu, ta kuma ɗauki kuɗin motar waɗanda aka tura asibiti Birnin Kebbi, domin kuɗin motar nan ne ke zaunar da da yawansu a gida.

Naku,
Wani malamin firamare,
Argungu, Jihar Kebbi