Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan shekara lafiya. Ma'aji zai karanto bayanin kuɗi da kansa a babban taro, don haka zan tsaya kan ayyuka.

Ajin Hausa na ranar Asabar ya ci gaba ba fashi, in ban da makonni biyu na tsananin sanyi da ƙanƙara ta hana fita. Buɗa-bakin azumi da walimar Sallah sun gudana kamar yadda aka saba, kuma iyayenmu mata sun cancanci yabo, domin su ne suka riƙe tukunya tun safe har dare. Mun yi rashin 'yan uwa a gida, an kai gudummawa, an yi addu'a. Allah ya jiƙansu da rahama. Inda muka gaza shi ne ɗakin taro: wurin da muka yi haya ya soke mana rana sau biyu ba tare da sanarwa ba, har yau kuma ba mu sami madadi ba.

Aikin da ya fi jawo magana bana shi ne na watan Oktoba, kuma a kansa zan daɗe.

Duk mai yaro a makaranta a nan Shikago ya san abin da ke faruwa idan Oktoba ta yi nisa. Yaro ya dawo gida da zanen ƙoƙon kan mutum an yi masa ado da furanni, uwa ta gani gabanta ya faɗi. Maƙwabtanmu 'yan Meksiko suna da yawa, 'ya'yansu abokan 'ya'yanmu ne, amma yawancinmu ba mu taɓa tambayar ma'anar abin ba. Bikin shi ne Día de Muertos, wato ranar tunawa da matattu. Ana yinsa ran 1 da 2 ga Nuwamba: ta farko ta yaran da suka rasu ce, ta biyu ta manya. Ya haɗa al'adun mutanen ƙasar na asali da na ɗarikar Katolika, kuma UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2008.

Wata maƙwabciyar malamar ajinmu, dattijuwa 'yar jihar Michoacán ta Meksiko, ita ce ta ba da shawarar a koya wa yara ta hanyar lotería, wasan da Amurkawa ke kwatantawa da bingo. Katuna 54 ne, kowanne da hoto: zakara, wata, kunama, kankana, tsani. Kowane yaro yana da allo mai hotuna 16, huɗu-huɗu. Mai kira ya zaro kati, wanda ke da hoton ya ɗora ƙwayar wake a kai, wanda ya fara cika layi ya ɗaga murya ya ce "lotería!" Wasan ya iso Meksiko daga Turai, kuma katunan da aka fi sani a yau wani Bafaranshe ne, Clemente Jacques, ya fara buga su a 1887.

Ban ɓoye muku ba, an yi ja-in-ja a kwamiti. Wasu sun ce caca ce, wasu sun ji tsoron a ruɗa wa yara aƙida. Damuwarsu tana kan hanya, kuma mun kai maganar gaban Malam. Aka tsaya a kan cewa ba kuɗi, ba kyautar cin nasara, sai wake kawai. Za a bayyana abin da mutane suke yi da dalilinsu, ba za a sa yaro ya aikata komai ba. Mun cire katin mashayi da wasu 'yan kaɗan da ba su dace da yara ba, muka zana sababbi na kayan bikin: furen cempasúchil mai launin ruwan lemo, burodin pan de muerto, kyandir, turaren copal, kofin ruwa, gishiri, da takardar ado mai huje-huje.

Abin da ban zata ba shi ne yadda ake kiran katin. Gwanin kira ba ya faɗin sunan hoto kai tsaye, sai ya jefo zance mai kama da kacici-kacici. Da dattijuwar ta zaro wani kati ta ce "bargon talaka", malama ta fassara, ɗaki ya yi tsit. Sai wata yarinya 'yar shekara bakwai ta miƙe, wake na zuba daga hannunta, ta ce, "Rana ce! Kakata ma haka take cewa lokacin hunturu." Iyayen da ke zaune a baya suka hau tafi.

Kowane kati da bayaninsa. Furen, a imaninsu, launinsa da ƙamshinsa ne ke nuna wa mamaci hanyar gida, ruwan kuma don ƙishin tafiya. Ƙwarangwal mai faffaɗar hula da ake kira Catrina zanen José Guadalupe Posada ne, wanda ya rasu a 1913, kuma manufarsa ita ce mai kuɗi da talaka duk makomarsu ɗaya. Da aka zo katin malam-buɗe-littafi, dattijuwar ta ce irin waɗanda yara ke gani a bakin tafkin Michigan a ƙarshen zafi su ne ke isa duwatsun jiharsu a farkon Nuwamba, shi ya sa mutanenta ke danganta su da rayukan magabata. A nan muryarta ta karye, ta ambaci sunan mahaifiyarta. Bayan mako ɗaya muka kai yaran gidan adana kayan fasahar Meksiko da ke unguwar Pilsen, inda shiga kyauta ne, suka ga teburan tunawa da ake kira ofrenda da idonsu.

A ranar wasan kuwa, Malam ya rufe zaman da bayanin yadda mu muke tuna namu: addu'a, sadaka, ziyarar maƙabarta, da sada zumunci da abokan iyaye. Sai ya tambayi yaran sunan kakannin iyayensu. Wallahi, 'yan uwa, kaɗan ne suka iya amsawa, har da ɗana. Yaran maƙwabtanmu kuwa suna jero sunayen nasu ba gargada. Wannan abu ya tsaya mini a rai har yanzu, kuma laifin namu ne, ba na yaran ba.

Saboda haka kwamiti ya amince a baɗi mu haɗa namu katunan da Hausa: ƙwarya, faifai, turmi, rawani, allo, kowanne da kacici-kacicinsa. Muna roƙon kowane gida ya rubuto sunayen kakanni har hawa uku, da garin da suka fito, ko Kano ne ko Damagaram ko Zangon Kumasi, a miƙa wa malamar aji kafin babban taro. Wanda kuma ya san ɗakin da za a iya haya ranar Asabar, don Allah ya sanar da shugaba.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya