A Gina Sashen Lissafi Yadda Malamai Za Su Riƙa Haɗuwa

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarmu mai albarka don jan hankalin jami'o'in da ke gina sassan lissafi da kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.

Kayan aikin masanin lissafi allo ne da alli da abokin muhawara. Amma zanen da muka saba, siririn lungu da ofisoshi a jere kamar shagunan kasuwa, raba mutane yake yi. Kowa ya shige ya ja ƙofa.

A duba Cibiyar Isaac Newton da ke Kambirij a Ingila, wadda aka buɗe a 1992. Ofisoshinta na buɗewa ne zuwa fili guda a tsakiya, kuma akwai allo ko'ina, har cikin lif da banɗaki. A can ne masanin lissafi Andrew Wiles ya gabatar da hujjarsa kan matsalar Fermat, wata tsohuwar matsalar lissafi da ta daɗe tana gagarar masana, a 1993. Ginin sashen lissafi da aka sa wa sunansa a Jami'ar Oxford a 2013 kuwa, ɗakin shan shayi ne ya haɗa ɓangarorinsa biyu.

Ga shawararmu ga masu gini: ɗakin shayin ya zama ɗaya tak, a bakin matakala. Da zarar kowane bene ya samu nasa, 'yan aljabra da 'yan ƙididdiga sun daina gamuwa ke nan. Ginin kada ya wuce hawa uku. Baranda ta kai faɗin mita uku inda aka kafa allo, domin mutum biyu su tsaya suna rubutu ba tare da sun tare hanya ba. Ƙasan allon ya tashi santimita 90 daga daɓe, haske ya zo masa daga gefe, in ba haka ba ƙyalli zai hana ganin rubutu.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne kwaikwayon rufin gilashi na Turai. A zafin Afirilu, in wuta ta ɗauke, wurin tanda zai koma, ga ƙurar hunturu. Tsakar gida mai inuwar bishiya ta fi, tagogi su kalli arewa da kudu.

Sai amo. Tayil da siminti zalla na dawo da murya, mai nazari a ofis ya kasa tunani. A sa silin mai shanye sauti a filin haɗuwa, ƙofofin ofis su zama na katako mai kauri, ɗakin ɗaliban digiri na uku kuma ya kasance a bene ɗaya da malamansu.

Wassalam.

Daga wasu masu zanen gine-gine, Zariya.