Ki Auna Kafin Ki Jona

Maraɗi

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya zafin Yamai? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ƙanenki ya nuna mini hoton kayan da kika saya: Arduino Uno da ESP32, wato ƙananan allunan lantarki masu ƙwaƙwalwa da ake rubuta wa manhaja, sai allon gwaji mai ramuka da ƙullin ƙananan wayoyi. Wallahi na ji daɗi. Duk shekarun da na yi ina koyar da aikin lantarki, ban zaci ke da kika bi hanyar rubuta manhaja za ki leƙo ɓangarenmu ba. Maganar ta fi ƙarfin salula, shi ya sa na zauna na rubuto.

Sana'arki ta saba miki da gwaji ba tsoro. Ki rubuta, ki kunna, in ya ƙi ki goge ki sake, ba abin da ya salwanta sai lokaci. To, waya ba ta san haka ba. In kika jona ba daidai ba, kafin ki ƙifta ido ƙwaƙwalwar allon ta ƙone, wani lokaci ko hayaƙi ba za ki gani ba. Mafi muni ma ita ce wadda ta ƙone rabi, tana aiki yau gobe ta ƙi, ki kwana kina neman laifi a cikin manhajarki alhali ƙafa guda ce ta mutu, wato ɗaya daga cikin bakunan allon da ake jona waya. Don haka kafin ki ƙara sayen komai, ki sayi mita. Ko ta ƴan jikkuna kaɗan ce ta isa, muddin tana auna bolt, wato ƙarfin wuta, tana auna om, wato turjiyar da abu ke yi wa wuta, tana kuma yin ƙara idan waya biyu sun haɗu. Duk abin da za ki jona, ki ɗora masa mita tukuna.

Alluna biyun nan da kika saya ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma nan ne masu farawa suka fi yin asara. Uno da bolt 5 yake aiki, ESP32 kuwa da 3.3. In kika kai wa ƙafar ESP32 bolt 5 kai tsaye, kin zalunce ta. Rezistans biyu, wato ƴan kayan nan masu rage wuta, ɗaya mai om 1000 ɗaya mai 2000, sun isa su sauko miki da 5 ɗin zuwa 3.3. Haka kuma, a ma'aunin yawan wutar da ke gudana, ƙafar Uno miliamfa 20 aka so ta ɗauka, 40 ita ce iyakar da ba a tsallakewa. Ko ɗan ƙwan LED ba a jona masa sai da rezistans. Ki yi lissafin da kanki: jan ƙwai yana cin kusan bolt 2 daga cikin 5 ɗin Uno, saura 3, ki raba da om 220, kin sami miliamfa 14 ko kusa da haka. Wannan ɗan lissafin na dokar Om shi ne rabin aikinmu. Mota kuwa, wato ɗan injin lantarki mai juyawa, komai ƙanƙantarta, kada ki ɗora ta a ƙafar allo. Ki ba ta wutarta daban, ki sa taransista a tsakani a matsayin makunnin da allon zai sarrafa, da diyod mai tare wutar da ke dawowa, sannan ki haɗe GND, wato wayar sifili da wuta ke komawa ta cikinta, na ɓangarorin biyu. Mantuwar haɗe GND ta sa ɗalibaina da yawa zargin kayan da ba su da laifi.

Da Uno nake so ki fara, ko da yake na san ESP32 ne zai fi jan hankalinki saboda Wi-Fi da Bluetooth. Arduino an ƙirƙiro shi ne a 2005 a garin Ivrea na Italiya, a wata makarantar zane, don ɗaliban da ba injiniyoyi ba su iya taɓa lantarki, kuma har yau yana da haƙuri da hannun sabon shiga. Wurin ajiyar Uno na aiki kilobait 2 ne kacal, na manhaja 32. Ke da kika saba da gigabait, za ki ji kamar mai rumbu ce aka miƙa wa tiya guda aka ce ta ciyar da gida. Amma wannan ƙuncin zai koya miki sanin inda kowane bait ya shiga, kuma za ki koma wurin aikinki da wannan idon. In kin ƙware, ga ESP32 da kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2016, ga kuma Raspberry Pi Pico na 2021 wanda ake rubuta masa manhaja da harshen MicroPython.

Kada ki daɗe a kan ƙwai mai kunnawa da kashewa. Ki nemi aikin gaske guda ɗaya, ki kai shi ƙarshe. Ga nawa roƙon: shaton gidan nan, wato tankin ruwanmu na saman soro, a samu abin da zai kashe famfon da ke tura masa ruwa in ya cika. Har yanzu sai ruwa ya fara zuba a tsakar gida muke sanin ya cika. Akwai ɗan ma'aunin da ake kira HC-SR04, yana aika sautin da kunne ba ya ji, ya ƙirga lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta dawo daga saman ruwa. A tebur ɗinki zai yi aiki ras. A saman shato cikin watan Afrilu labarin zai sauya, kuma nan ne ilimin yake. Littattafai suna ba da gudun sauti mita 343 a daƙiƙa, amma a zafin digiri 20 ke nan. In iska ta kai 45, gudun ya kusa 358, lissafinki ya kauce da kashi 4 cikin ɗari. Tururin cikin shaton zai ci ma'aunin da tsatsa, sai dai ki nemi irin wanda ruwa ba ya shiga. Ƙurar hunturu za ta cika duk ramin da kika bari, ga ƙadangare da tururuwa masu son ɗumin akwati. Sannan kuran zai tafi ya dawo ba sallama. Ki tambayi kanki, in allon ya farka bayan ɗaukewar wuta, a wane hali zai bar famfon? A kashe ya kamata, kullum. Ki tuna kuma agogon millis() na Arduino yana cika ya koma sifili bayan kwana 49 da ɗoriya. Abin da za a bari a saman soro wata da watanni dole a rubuta shi da sanin haka. Da wannan ya tsaya da ƙafarsa, masu lambu a Jiratawa da bakin gulbi suna da irin wannan buƙatar ninkin ba ninkin.

Sai maganar da ta fi damuna, ki saurare ni da kyau. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarkin ƙasa, bolt 220 ce, tana kisa. Kada ta hau allon gwajinki, ko da wasa, ko da kin ga wani ya yi a bidiyo. Ƙananan rele shuɗɗan nan, wato makunnan da allo ke sarrafawa, da ake sawa cikin kayan an rubuta musu amfa 10, amma famfo a lokacin tashi yana jan ninkin abin da yake ci a tafiya, sai bakin relen ya narke ya manne, famfon ya ƙi mutuwa. Ke ki tsaya a ɓangaren bolt 5 da 12. Ɓangaren kuran, da kontakta, wato babban makunnin famfon, da fis da akwatinsa, ni zan haɗa da hannuna, ko ki kira ma'aikacin da ya san aikin. Batiran litiyam ɗin nan 18650 da ake ɓallowa daga tsofaffin kwamfutoci ma ki yi hattara da su. Ba a wuce bolt 4.2 wajen cajinsu, ba a cajinsu sai da allon kariya, kuma ba a barinsu a kan katifa a tafi masallaci ko kasuwa. Wanda ya kumbura ko ya lotsa, ki raba shi da ɗakinki.

Ki sami littafi ki riƙa zana kowane haɗi da biro kafin ki taɓa waya, ki rubuta abin da mita ta nuna a gefe. Ki turo mini hoton shafin, zan duba in gaya miki inda na ga matsala. Ƙarfen like da dalma kada ki saya, nawa suna nan, in kin zo hutun Salla zan nuna miki riƙonsu. Tsayin shaton da faɗinsa ƙanenki zai auna ya aiko miki cikin satin nan.

Innarki tana gaishe ki, ta ce kada wayoyin nan su hana ki barci da cin abinci a kan lokaci. Ki gaida gwaggonki da mutanen gida. Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke.

Naki,
Babanki