Bashin da ke ɗaure masuntan Bajo tun kafin su shiga teku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna so mu ja hankalin masu karatu kan masuntan Bajo na ƙasar Indonesiya, waɗanda ke zaune a gidajen katako da aka kafa kan turaku cikin ruwa, kamar a Mola da Sampela na tsibiran Wakatobi da Torosiaje a Gorontalo. Ana yawan cewa talaucinsu daga rashin tattali ne. A ganinmu, tsarin bashi ne tushensa.

Mai kuɗi, wanda ake kira punggawa ko bos, shi ke ba masunci kwalekwale da inji, ya zuba masa man dizil da ƙanƙara da shinkafar tafiya, duk a rubuce. Sharaɗin ɗaya ne: abin da aka kamo, shi za a sayar wa, a farashin da ya yanka. In an dawo, sai a fara cire kuɗin tafiya, a cire kason jirgi da na inji, sannan ma'aikata, wato sawi, su raba abin da ya rage. Ranar da kamu bai kai kuɗin mai ba, gibin na hawa kan tsohon bashi. Littafin kuwa yana hannun bos.

Me ya hana su zuwa banki? Banki na neman jingina, gidan da ke tsaye kan teku kuma galibi ba shi da takardar mallakar fili. Ga kuma iskar yamma, wadda ke kaɗawa daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, ta hana ƙananan jirage fita kwanaki a jere. A lokacin bos ne ke ba da abinci, shi ke biyan kuɗin magani da na biki. Shi ya sa masunci ba ya kallonsa a matsayin azzalumi kawai. Ubangida ne, kuma ba a saɓa wa ubangida.

Bashin ne ke tura su aikin ganganci. Don samo teripang, wata dabbar ƙasan teku da ake busarwa a kai kasuwannin Sin, ko kifin kerapu da ake kaiwa Hong Kong da ransa, mutum kan nutse yana shaƙar iska ta dogon tiyo daga injin hura taya. Idan ya daɗe a zurfi kuma ya taso da sauri, iska kan yi kumfa a jininsa, ƙafafu su shanye. Wasu kan yi nisa har ruwan Ostareliya daga Pepela a tsibirin Rote. Yarjejeniyar 1974 tsakanin Indonesiya da Ostareliya ta ba masuntan gargajiya damar kamu a wani yanki can, amma ƙa'idojin da aka ƙara a 1989 sun hana amfani da jirgi mai inji, sai irin mai tafiya da iska. Wanda aka kama ya saɓa, akan ƙone jirginsa, bashin jirgin kuma yana nan yana jiransa a gida.

Dokar Indonesiya mai lamba 7 ta 2016 ta yi tanadin inshora ga masunta, kuma abin yabo ne. Sai dai tallafi irin na raba injuna kyauta ba ya kwance kowa daga bashi, domin injin na shan mai, man kuma wurin bos ake karɓa. Ƙungiyar gama-kai da za ta yi tasiri sai ta riƙe ƙanƙara da mai da sikeli, ta ba kowane masunci kwafin lissafinsa, kuma ta iya ba da rancen shinkafa a watannin iska.

Naku,
Wasu masu bibiyar harkar kamun kifi